Yadda Ake Cire Dishi-dishin Hoto da Ƙirƙirarriyar Basira Ba Tare da an Sauya wa Mutum Kamanni Ba

Hoton da ake kawo mana gyara a shago kusan kullum wanda ba za a iya sake ɗauka ba ne: na mamaci, ko na ranar ɗaurin aure, ko na yaro ranar saukar karatu yana riƙe da allo, mai ɗauka kuma hannunsa ya yi rawa saboda turereniya. In da mai sakuwa ne ai da sai a ce mutum ya koma ya tsaya da kyau. Shi ya sa kafin in ce ka sauke wata manhaja, ka fara riƙe wannan: manhajojin ƙirƙirarriyar basira kintace suke yi. An nuna musu dubban hotuna sun koyi yadda ido da gashi da bakin riga suke kasancewa, sai su cike inda ya ɓace da abin da suka saba gani. Wani lokaci kintacen ya faɗa daidai, wani lokaci kuma a miƙo maka baƙon mutum sanye da rigar mahaifinka. Duk matakan da ke ƙasa dabarun rage wa na'ura fagen kintace ne.

Mataki na farko: nemo asalin hoton

Rabin aikin a nan yake, kuma nan ne mutane suka fi yi wa gaggawa. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, an rage masa girma, an zubar da wani ɓangare na bayanansa don kada ya ci data. In ya bi hannu uku ko huɗu, wani ya ɗora a sitatus, wani ya yi sikirinshot, abin da ya iso gare ka inuwar hoton ce kawai. Ka bi sawu har ka kai ga wayar da ta ɗauka, ka roƙi mai ita ya turo maka shi a matsayin fayil, wato ya shiga ta alamar maƙala abu ya zaɓi Document, ba ta wajen hotuna ba. Tun 2023 akwai zaɓin HD, ya fi na da, amma shi ma yana matsewa. In kuna kusa, kebul ko Xender sun wadatar.

In hoton takarda ne na cikin albam, a yi masa sikanin a kan 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, kuma a ce wa mai shagon ya kashe duk wani gyara da na'urar ke yi da kanta. In babu sikana, shimfiɗa hoton a inuwa da hantsi, kashe filasha, goge gilashin kyamarar da gefen riga, ka dafa gwiwar hannunka a kan tebur ka ɗauka sau biyar ka zaɓi wanda ya fi. Manhajar PhotoScan ta Google tana taimakawa wajen kawar da ƙyallin takarda mai sheƙi.

Daga nan ka yi kwafi. Asalin ka ajiye shi gefe, kada ka taɓa.

Mataki na biyu: gane wane irin dishi-dishi ne

Ciwon da ba a gane ba ba a ba shi magani. Buɗe hoton ka janyo shi sosai, ka nemi wani ɗan ƙaramin abu mai haske: ƙyallin cikin ƙwayar ido, maɓallin riga, ɗan kunne, ƙwan fitila daga nesa. Shi zai faɗa maka abin da ya faru.

In ɗigon hasken ya ja wutsiya, ya zama ɗan layi ko ƙugiya, motsi ne. Sai ka duba: komai da komai ne ya ja wutsiyar zuwa gefe guda, har bango da kujeru? To hannun mai ɗauka ne ya yi rawa, kuma wannan shi ya fi sauƙin gyara. In kuwa bango ya fito tsaf, doki da mahayinsa ne kawai suka shafe, to abin da ake ɗauka ne ya motsa, kamar yadda ake yawan samu a hotunan hawan sallah. Wannan ya fi wuya, domin kan dokin gabas ya yi, ƙafarsa ta yi sama, rawanin mahayi kuma iska ta kaɗa shi wani gefen.

In ɗigon ya kumbura ya zama faifai, ba wutsiya, saitin kyamara ne bai faɗa kan mutumin ba. Za ka ga sau da yawa labulen da ke bayansa ya fito raɗau, shi kuwa ya yi laushi. In hoton ya fashe, ya yi 'yan murabba'ai kamar tayil, matsewa ce da ƙarancin girma. In ya yi yashi-yashi, duhu ne ya yi wa kyamara yawa. In kuma haske ya yi ta yin hazo ko'ina kamar lokacin hunturu, maiƙon yatsa ne a kan gilashin kyamara. Wannan ƙara bambancin haske da duhu ya fi yi masa amfani.

Ga ma'aunin da ni nake amfani da shi: in wutsiyar motsin ta kai faɗin idon mutumin da ke hoton, har ba a bambance fari da baƙin ido, na kan gaya wa mai hoto tun kafin in karɓi kuɗinsa cewa tufafi da wurin da aka ɗauki hoton za su gyaru, fuska kuwa sai dai a rage.

Abin da na'urar ta koya, da inda ta koyo shi

Sanin wannan zai hana ka ɓata data a banza. Tsohuwar hanya lissafi ce zalla. William Richardson a 1972 da Leon Lucy a 1974, kowa daban, sun fito da dabarar da in an san siffar shafewar, za a iya bin ta baya-baya a tattaro hasken da ya watse. Da ita masana taurari suka yi ta lallaɓa hotunan madubin hangen nesa na Hubble, wanda aka harba a 1990 da tangarɗa a madubinsa, har aka je aka gyara shi a Disambar 1993. A can sun san siffar matsalar sarai. A hoton biki kuwa wa ya san yadda hannun mai ɗauka ya karkata?

Sabuwar hanya koyarwa ce da misali. A 2017 masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Seoul da ke Koriya ta Kudu suka ɗauki bidiyo da kyamarar GoPro mai ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa ɗaya. Sai su haɗe hotuna bakwai zuwa goma sha uku da ke jere su zama guda mai dishi-dishi, su ajiye na tsakiya a matsayin amsa. Haka suka tara tagwayen hotuna 3,214, aka yi ta nuna wa na'ura gurɓatacce da lafiyayye har ta gane hanyar da ake bi daga wannan zuwa wancan. Manhajojin cire dishi-dishi irin DeblurGAN na 2018, da Restormer da NAFNet na 2022, duk sun sha daga wannan rijiyar.

To mafi yawan waɗannan hotuna na titi ne da rana tsaka. Shi ya sa za ka ga hoton kasuwa ya gyaru tangaran, amma na dina da aka ɗauka da dare ƙarƙashin fitilu masu launi ya ƙi. Ba kai ne ka kasa ba. Ɗalibin ne aka yi wa tambaya a kan abin da bai karanta ba.

Mataki na uku: fara da abin da ke wayarka

Kada ka ɗauko gatari a kan abin da farce zai cire. Google Photos tana da abin gyara mai suna Unblur. Da wayar Pixel 7 ya fara fitowa a 2022, daga Mayun 2024 aka buɗe shi kyauta ga sauran wayoyi, sai dai ƙananan wayoyi marasa ƙarfi ba lallai su nuna shi ba. Buɗe kwafin hoton, danna Edit, ka nemi Unblur cikin kayan gyara. Zai yi aikinsa ya ba ka ma'auni daga 0 zuwa 100. Kada ka bar shi inda ya ajiye maka. Ja shi ƙasa ƙwarai, ka riƙa ƙarawa a hankali, kana ɗora yatsa a kan hoton kana ɗagawa don ka ga na da da na yanzu. Da zarar fata ta fara sheƙi kamar roba, ko farin layi ya fara bin gefen hula, ka wuce gona da iri, koma baya. Ka adana a matsayin sabon kwafi.

Masu Samsung suna da Remaster a cikin ma'ajiyar hotuna, da manhajar Galaxy Enhance-X. Remini kuwa, wadda ta fi kowacce farin jini a wajenmu, ƙarfinta a fuska yake, don haka gargaɗin da ke mataki na biyar ya shafe ta. Ka dai sani cewa ita da ire-irenta suna tura hoton ne zuwa kwamfutocin kamfani a gyara a dawo maka da shi. In hoton matar wani ne ko 'yar wani, ka nemi izini kafin ka ɗora.

In rawar hannun kaɗan ce, sau da yawa a nan aikin yake ƙarewa.

Mataki na huɗu: in waya ta gaza, a hau kwamfuta

Masu kuɗi suna biyan kuɗin Topaz Photo, wanda a da ake kira Topaz Photo AI, yana da zaɓi dabam na motsi da na saitin gilashi, kuma yana aiki. Ga wanda ba zai biya da dala ba, akwai hanyar kyauta, kuma ba ta buƙatar laftof mai tsada, domin aron kwamfutar Google za ka yi ta Colab. Asusun Gmail da intanet mai ɗan dama kawai ake nema.

Nemi shafin Restormer a GitHub, dandalin intanet da masu haɗa manhaja ke ajiye ayyukansu. Masu bincike ne a Abu Dhabi suka jagoranci yin sa, kuma a shafin akwai mahaɗin da zai kai ka littafin gwajinsa a Colab. In ya buɗe, shiga File ka ajiye kwafinka a Drive. Sannan shiga Runtime, ka zaɓi Change runtime type, ka ɗora a kan T4 GPU. In ka manta wannan, ko dai aikin ya ƙi tafiya ko ya yi tafiyar hawainiya.

Shafin a jere yake akwati-akwati, kowane da alamar kunnawa a gefen hagu. Bi su ɗaya bayan ɗaya daga sama, kada ka tsallake, kuma ka jira kowane ya gama juyawa. Na farko zai sauke manhajar. A na gaba za ka zaɓi aikin da kake so, kuma nan binciken da ka yi a mataki na biyu zai biya ka: in wutsiya ka gani, zaɓi Motion_Deblurring, in faifai ka gani, zaɓi Single_Image_Defocus_Deblurring, in yashi ne ya fi yawa, fara da Real_Denoising. Kowanne horonsa dabam. Wanda ya ba hoton motsi maganin saiti zai ga kusan babu abin da ya sauya, ya ce manhajar banza ce. Sai akwatin ɗora hoto, sai na gyara, wanda ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi ga hoto madaidaici, sai na saukewa. Ka sauke nan take, domin da an rufe zaman Colab yake share komai.

In ya ce ma'adana ta cika, hoton ne ya yi masa girma. Ko ka yanke ɓangaren da kake buƙata kawai, ko ka yi amfani da umarnin da ke sa shi ya gutsuttsura hoton ya gyara ya sake haɗawa:

python demo.py --task Motion_Deblurring --input_dir hotuna --result_dir sakamako --tile 720 --tile_overlap 32

A Colab sai ka sa alamar motsin rai a farkon layin.

Ga hoton da ya riga ya sha matsa kuma asalinsa ya ɓace, na fi samun biyan buƙata da NAFNet na kamfanin Megvii na Sin, musamman samfurinsa da aka horar da tarin hotuna mai suna REDS, saboda shi an koya masa dishi-dishi haɗe da fashewar JPEG. Shi ma yana da littafin Colab, tafiyar iri ɗaya ce.

Jerin aikin yana da muhimmanci. A fara rage yashi, kaɗan, domin cire dishi-dishi yana ƙara fito da shi. Sannan a cire dishi-dishin. Sannan a ƙara girma da Real-ESRGAN, ko Upscayl wanda kyauta ne kuma a kan kwamfutarka yake aiki ba sai da intanet ba. In ka fara da ƙara girma, ka ninka wutsiyar motsin sau huɗu ke nan, ka fitar da ita daga abin da na'ura ta saba gani. Masu Upscayl da kansu sun faɗa cewa ba ya gyara hoton da saiti ya kuɓuce masa, don haka kada ka ɗora masa kayan da ba nasa ba. Kuma kada ka maimaita gyara ɗaya sau biyu a kan hoto guda. Karo na biyu kuskuren karo na farko yake kaifafawa.

Mataki na biyar: fuska

Nan ne ake ɓarna. Manhajojin gyaran fuska irin GFPGAN na kamfanin Tencent, na 2021, da CodeFormer na Jami'ar Fasaha ta Nanyang a Singafo, na 2022, ba kaifafa fuskar suke yi ba kawai, sake zana ta suke yi. Duka biyun an horar da su da tarin fuskoki 70,000 da aka kwaso daga Flickr, wani shafin ajiye hotuna a intanet. Ka tambayi kanka nawa ne a ciki masu bille ko kalangu, nawa ne masu kwalli raɗau, nawa ne dattawa masu tabon sallah a goshi. A 2020 an ba wata manhaja mai suna PULSE, ta Jami'ar Duke, hoton Barack Obama da aka farfasa, ta mayar da shi Bature. Na yanzu sun fi ta nesa ba kusa ba, amma jinin ɗaya ne.

Ni ma na taɓa faɗawa. Wani bawan Allah ya kawo mini hoton mahaifiyarsa da ta rasu, Bagobira, ɗan ƙarami mai launin ƙasa-ƙasa, yana son a yi babba a sa a firam. Na zuba shi a wata manhaja, abu ya fito fes, har ina jin daɗin kaina. Da ya zo karɓa na juya masa fuskar kwamfuta na ce, "Alhaji, ga Hajiya nan." Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya mayar, sannan ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau. Amma wannan ba Inna ba ce." Sai a lokacin na lura. Na'urar ta ɗauki tsagar kumatunta a matsayin ƙarzunar takarda ta share ta tas. Ta toshe wushiryarta, ta jera mata haƙora kamar na mai tallar man goge baki, ta ƙara mata hasken fata, ta rage mata shekara ashirin. Ni ban san matar ba, don haka ban ga abin da aka ɗauke ba.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. Ina amfani da CodeFormer saboda yana da linzami, wata lamba da suke kira w, daga 0 zuwa 1. In ta yi ƙasa, hoto ya yi kyau kamanni su gudu. In ta yi sama, kamanni su tsaya kaifi ya ragu. Nakan fitar da uku, a 0.5 da 0.7 da 0.9, in jera su kusa da asalin. Ga hoton dattawa da wuya in sauka ƙasa da 0.7. Mai shago ya kuma karanta lasisinsa, domin ba a sake shi don kasuwanci kai tsaye ba.

Bayan haka sai haɗawa, wadda ita ce ainihin gwanintar. Buɗe Photoshop, ko GIMP da Photopea da suke kyauta. Sa hoton da ya fito daga mataki na huɗu a ƙasa, ka ɗora mai gyararriyar fuska a samansa, ka tabbata girmansu ɗaya ne kuma ido ya hau kan ido. Rage ƙarfin na saman zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari. Sannan ka ɗauki magogi mai laushi ka goge na saman a duk inda shaidar mutum take: tsaga, tabo, haƙora, furfurar gemu, layin kwalli. Abin da zai rage shi ne ɗan kaifi a ido da gira da leɓe, a kan fuskar da har yanzu ta mai ita ce. A waya ma ana iya kwatantawa da Double Exposure na Snapseed, sai dai yana son haƙuri.

Kada ka tsaya a fuska. Duba aikin hula da na wuyan riga. Aska takwas takan koma wani cakuɗaɗɗen zane da babu maɗinkin da ya taɓa yin sa, zanen lalle yakan narke, carbi ya haɗe da yatsu. Duk inda ka ga haka, goge gyaran a wurin ka bar asalin da laushinsa.

Na ƙarshe, nuna wa wanda ya san mutumin, kuma kada ka fara da nuna masa tsohon. Ka tambaye shi kawai: wane ne wannan? In ya yi jim kafin ya amsa, koma ka rage.

Inda ba a kai wannan gyara

Rubutu da lambobi. Na'ura takan mayar da 3 ta zama 8, ta ƙirƙiro haruffa masu kama da na gaske. In ka ba ta allo ko shafi mai rubutun Larabci ko ajami da ya shafe, za ta zana maka abin da daga nesa kamar rubutu, kusa kuwa babu harafi ko ɗaya. A hoton sauka nakan bar allon yadda yake. Haka lambar mota, rasit, takardar fili, ko fuskar wanda ake zargi da sata a bidiyon kyamarar tsaro. A 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka gyara da irin wannan fasaha a shari'ar kisan kai, saboda abin da ke ciki ya haɗa da ƙarin na'ura. Yaɗa irin wannan fuskar a unguwa yana iya jawo wa wanda bai ji ba bai gani ba. Hoton fasfo da na katin shaida ma a je a sake ɗauka.

Mataki na shida: adanawa da wankewa

Adana sakamakon a PNG, ko JPEG a ƙarshen inganci, ka ba shi suna dabam da na asali, ka haɗa su biyun ka ba mai hoto, kana gaya masa wanne ne aka taɓa. In za ka tura, ta Document.

Wajen wanki, ƙa'idar ɗigo 300 ce a kowane inci. Hoton inci 5 da 7 yana son fiksel 1500 da 2100, takardar A4 kuma 2480 da 3508. In naka bai kai ba, ka rage girman firam maimakon ka matsa wa na'ura ta ninka shi sau takwas. Dishi-dishin da ke damunka a fuskar kwamfuta in ka janyo, sau da yawa ba a ganin sa a ɗan madaidaicin hoto da ke rataye a bango, kuma takarda marar sheƙi ta fi mai sheƙi rufa asiri. Kafin ka biya kuɗin babba, sa a wanke maka fuskar kaɗai a ƙaramar takarda a daidai girman da za ta fito, ka manna ta a bango, ka ja baya taku uku ka duba da hasken rana.